Kundin aiki: bin sawun kitse daga komin saniya zuwa hanjinta

8 ga Janairu

Tambayar aikin guda ɗaya ce: cikin kitsen da saniyar tatsa ta ci a rana, nawa ne ke shiga jininta, kuma da wace kama? Takardar da ke jikin buhun abinci ba ta da amsar. Saniya tana cin mai mai ruwa-ruwa daga masara da waken suya da ciyawa, amma yawancin abin da ke isa ƙaramin hanjinta daskararren kitse ne mai kama da kyandir, domin ƙwayoyin halittar da ke tumbi, irin su bakteriya, sun riga sun sake masa siffa kafin ya wuce.

An tsayar da tsari. Shanu huɗu, kowace da kanula biyu, wato bututun da aka dasa ta fata don ɗiban samfur daga ciki: babba mai faɗin santimita 10 a tumbi, ƙarama mai siffar T a farkon ƙaramin hanji, kamar santimita 10 daga mafitar abomasam, ɗaki na huɗu kuma na ƙarshe na cikin saniya. An zaɓi wannan wurin ne don ya riga inda ruwan matsarmama ke zubowa, in ba haka ba kitsen da ke cikin ruwan matsarmamar zai shiga lissafi kamar daga abinci ya zo. Abinci iri huɗu ne: sitaci kaso 22 ko kaso 30 cikin 100 na busasshen nauyi, kowanne kuma da ɗayan kitse biyu, ko man waken suya ko gishirin kalsiyam na man kwakwar manja, wato asid ɗin man da aka ɗaure da kalsiyam ya zama sabulu. Kowace saniya za ta zagaya abincin huɗu, zango bayan zango.

Za a riƙa rubuta asid ɗin kitse da lamba. Lambar farko yawan kabon ne a sarƙar, ta biyu yawan tagwayen ɗauri. Falmitik 16:0, sitiyarik 18:0, oleyik 18:1, linoleyik 18:2, linolenik 18:3. Masu sifili a ƙarshe su ne ƙosassu, wato sun cika da haidirojin. Sauran marasa ƙoshi ne.

15 ga Janairu

An watsar da awon ɗanyen kitse na wanki da sinadarin ita (ether) a matsayin ma'auni. A hatsi ba ya yin nisa da gaskiya, amma a ciyawa da sailej, wato ɗanyen abincin dabbobi da aka adana ya yi tsami, yana kwaso kakin ganye da koren launi da wasu abubuwan da saniya ba ta samun ƙarfi daga gare su, har ya zama rabin abin da aka auna ne kawai asid ɗin kitse. Jagoran ciyar da shanun tatsa na Amurka, NRC na 2001, ya yi maganin wannan da cire maki ɗaya daga awon, shi kuma bugun da ya gaje shi, NASEM na 2021, ya koma lissafi da asid ɗin kitsen kai tsaye. Hanyar 2021 aka bi.

Lissafin haɗin abinci, a kan saniyar da ke cin kilo 22 na busasshen nauyi. Idan abincin tushe na ɗauke da kaso 2.8, giram 616 ke nan. Ƙarin kaso 2 giram 440 ne, jimla giram 1,056, wato kaso 4.8, ƙasa da iyakar kaso 6 zuwa 7 da ba a son a haura. Amma giram 440 na asid ba giram 440 na kaya ba ne. Gishirin kalsiyam kusan kaso 84 ne asid, don haka sai an auna giram 524. Man waken suya kusan kaso 95 ne, saura gilisarol, giram 463 ke nan.

A nauyi kitsen biyu daidai suke, amma a tumbi ba ɗaya ba ne. Fiye da rabin man waken suya 18:2 ne, idan aka haɗa da 18:1 da 18:3 marasa ƙoshin sun haura kaso 80, kimanin giram 370 a rana. Na kwakwar manja kusan rabinsa 16:0 ne, marasa ƙoshinsa ba su wuce giram 200 da ɗoriya ba, kuma a ɗaure suke da kalsiyam. Wannan bambancin shi ake son gani.

Gishirin yana kawo kalsiyam kusan kaso 9, giram 47 a rana, saboda haka an ƙara garin farar ƙasa a abincin man waken suya don ma'adinan su zo ɗaya. An ɗaga maganiziyam ma, domin sakakken asid yana haɗuwa da kalsiyam da maganiziyam ya zama sabulun da ba ya narkewa, su fita tare a kashi.

22 ga Janairu

An tsawaita zango daga kwana 21 zuwa 28. Dalilin na bangon tumbi ne.

Bangon tumbi lulluɓe yake da geza mai kama da ta tawul, wadda masana ke kira fafila. Tsawon kowace a babbar saniya yakan kai santimita ɗaya ko ɗaya da rabi a ƙasan tumbi da buhun gaba, tana gajarta a rufin tumbi inda iska ke taruwa, ba ta nan kuma a kan ginshiƙan tsoka. Ta wannan gezar ake tsotse asid masu gajeriyar sarƙa, asitet da furofiyonet da butiret, waɗanda ke ba saniya kusan kaso 70 na ƙarfinta. Masu doguwar sarƙa kuwa, irin su 16:0 da 18:0, ba sa ratsa bangon tumbi sai ɗan abin da ba a lissafawa. Fatar mai hawa huɗu ce, ta sama ta ƙeƙashe, ba a yi ta don wannan ba.

To me ya kawo geza cikin aikin doguwar sarƙa? Ita ce ke kwashe tsami. Idan gezar ta yi tsawo da faɗi, gajerun asid suna barin tumbi da wuri, bangon kuma yana musayar wasu da bakabonet, pH, ma'aunin da ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya tsaya sama da 6. Idan ta gajarta ko ta ƙone, asid ya taru, pH ya faɗi, ƙwayoyin da ke sarrafa kitse su canza hanya. Wato geza ba ta tsotsar dogon asid, amma ita ke yanke irin wanda zai isa hanji. Wannan ne zaton da aikin duka ke gwadawa.

Butiret ne ya fi sa geza girma, furofiyonet na biye, kuma cikakken girma bayan canjin abinci yana cin mako huɗu zuwa bakwai. Kwana 28 ma bai isa sosai ba. An yarda da haka, za a ɗauki awon geza a matsayin alamar inda ta dosa, ba inda ta tsaya ba. Zango na mako bakwai sau huɗu zai sa shanun su yi nisa cikin tatsa har cin abincinsu ya canza don kansa.

2 ga Fabrairu

Zango na ɗaya ya fara. Ana shigar da kitsen kashi uku cikin kwana shida, ba lokaci ɗaya ba.

Gyara biyu a wurin haɗi. Na farko, ba a zuba mai a kan ciyawa kai tsaye. Yana shafe zaren, ƙwayoyin da ke narka faiba su kasa mannewa, kuma marasa ƙoshi dafi ne a gare su. Ana cakuɗa man da garin hatsi tukuna, sai ya shanye, sannan a haɗa da sailej. Na biyu, gishirin kalsiyam yana da warin sabulu, shanun da ba su saba ba suna ture shi da hanci. Cakuɗa shi cikin gari ya rage wannan.

6 ga Fabrairu

Ragowar abincin safe ta fi abin da aka zuba dogayen karare. Tsince-tsince ke nan: saniya ta lashe gari ta bar ciyawa, abincin da aka rubuta kaso 22 na sitaci ya koma wani abu dabam a cikinta. An auna da rariyar Penn State mai hawa uku, milimita 19 da 8 da 4 da faranti a ƙasa, girgiza biyar a kowane gefe ana juyawa har sau 40. Abin da ake nema a haɗaɗɗen abinci shi ne kaso 2 zuwa 8 a rariyar sama, 30 zuwa 50 a ta tsakiya, 10 zuwa 20 a ta uku, 30 zuwa 40 a faranti. Ta sama ta yi yawa. An rage tsawon busasshiyar ciyawa zuwa ƙasa da santimita 5, an yayyafa ruwa har danshin haɗin ya kai kusan rabi, don garin ya manne. Daga yau ana rariyar ragowa ma, ba abin da aka zuba kaɗai ba.

12 ga Fabrairu

Na'urar pH ta saniya ɗaya ta ba da karatu mai tsalle-tsalle. Da aka buɗe kanula, nauyin da ke riƙe ta ya kwance, ta taso cikin katifar ciyawa. Abin cikin tumbi hawa uku ne: iska a sama, katifar dogon zare a tsakiya, ruwa da ƙananan ɓarɓashi a ƙasa. Katifar ta fi ruwan ƙasa tsami, a gaba wajen retikulam, ƙaramin ɗakin da ke manne da tumbi, kuma miyau yana ɗaga pH, saboda haka karatun da ba a san inda aka ɗauke shi ba bai da amfani. An mayar da ita ƙasan tumbi da nauyi biyu, an zubar da karatun kwana biyu. Ma'aunin da aka ɗauka na ɓoyayyen tsamin tumbi shi ne pH ƙasa da 5.6 na fiye da awa uku a rana. Matsakaicin rana ba ya nuna wannan, sai an ƙirga awanni.

Ga abin da pH ke taɓawa, mataki-mataki. Kitsen hatsi tiraigilisaraid ne, asid uku a jikin gilisarol. Na ganye yawanci galaktolifid ne. Aikin farko a tumbi kwancewa ne: bakteriyar Anaerovibrio lipolyticus na kwance na hatsi, dangin Butyrivibrio na kwance na ganye, gilisarol ɗin ya ruɓe ya zama furofiyonet. A tumbi mai lafiya ana kwance fiye da kaso 85. Sai asid ya saku sannan aiki na biyu zai yiwu, domin enzayim ɗin farko na buƙatar bakin sarƙar a buɗe.

Aiki na biyu ƙosarwa ne, cusa haidirojin a tagwayen ɗauri. Ƙwayoyin ba don saniya suke yi ba, kansu suke karewa daga dafi. Hanyar da aka saba ga 18:2 ita ce ya fara zama cis-9, trans-11 (cis da trans siffar tagwayen ɗaurin ce, lambar kuma wurinsa a sarƙar), wanda ake kira asid ɗin rumenik, sai trans-11 18:1, wato baksenik, sai 18:0. Matakan farko suna sauri, ƙwayoyi da yawa na iya yin su. Na ƙarshe, daga baksenik zuwa sitiyarik, 'yan kaɗan ne ke yi, fitaccensu Butyrivibrio proteoclasticus, shi ya sa idan mai ya yi yawa baksenik ke taruwa. A taƙaice kaso 70 zuwa 95 na 18:2 da kaso 85 zuwa 100 na 18:3 ba sa fita tumbi yadda suka shigo.

Idan sitaci ya yi yawa, pH ya faɗi, ga kuma 18:2 a wadace, sai hanyar ta karkata zuwa trans-10, cis-12, daga nan zuwa trans-10 18:1. Abu biyu ne sai sun haɗu: tumbin da ya sauya da man da bai ƙoshi ba. Ɗaya kaɗai ba kasafai yake jawo ta ba. Abincin sitaci 30 da man waken suya an haɗa shi ne da gangan don ya taka wannan iyakar.

Gishirin kalsiyam ma ba ya tsira gaba ɗaya. Palmquist da Jenkins ne suka fito da dabarar a Jami'ar Jihar Ohio a farkon shekarun 1980, a kan cewa sabulun ba ya narkewa a pH na tumbi, sai a tsamin abomasam. Amma iyakar rabuwar ta danganta da irin asid: na kwakwar manja rabinsa ke rabuwa a wajen pH 4.6, na man waken suya kuwa a wajen 5.6. Shi ya sa kiran gishirin da aka yi da mai mara ƙoshi sosai "kariyayye" ya fi ƙarfin gaskiya. Tumbin da ya yi tsami zai kwance shi.

15 ga Fabrairu

An fara zuba manuni, wato sinadarin da jiki ba ya tsotsa, wanda da shi ake lissafa yawan abin da ke wucewa ta hanji. Taitaniyam dayoksaid giram 10 a rana, kashi biyu cikin kafso ta kanula, don bin ƙananan ɓarɓashi. Co-EDTA don ruwa. Faibar da ba ta narkewa, wadda ake samu bayan an bar samfur awa 288 a tumbi cikin 'yar jaka, don manyan ɓarɓashi.

Manuni ɗaya ba ya isa a aikin kitse. Kaso 80 zuwa 90 na kitsen da ke barin tumbi sakakken asid ne manne a jikin ɓarɓashin abinci, sauran yawanci fatar bakteriya ce. Ruwa ba ya ɗauke da wani abin kirki. Kanular T kuwa ba ta ba da samfur daidai da abin da ke wucewa, wani lokaci ruwa ya fi yawa, wani lokaci dusa-dusa. Samfurin da ruwa ya rinjaya zai nuna kitse kaɗan ne ya fito daga tumbi, daga nan a ce hanji bai tsotsi da yawa ba, alhali kuskuren na kwalba ne. Da manuni uku ana sake gina ainihin haɗin da lissafi.

27 ga Fabrairu

An gama ɗiban zango na ɗaya: samfur takwas, kowace awa 9 cikin kwana uku, wanda ya ba da wakilcin kowace awa uku ta yini. Daga hanji mililita 300, daga kashin saniya kimanin giram 250, madara safe da yamma.

Abin da ke fitowa daga kanular hanji ruwa-ruwa ne, launin ƙasa-ƙasa, mai tsami, pH tsakanin 2 da 3, yana zuwa ne tsirit-tsirit idan abomasam ya matsa. Ana zubar da na farko da ya kwana a bututun. Duk wanda ya fito da kore-rawaya mai kumfa ruwan matsarmama ne ya dawo baya, ba a ajiye shi, a jira zubi na gaba. Ana sa komai a firiza a ma'aunin 20 ƙasa da sifili nan take. Busarwa ta daskarewa ce, ba ta tanda ba, domin zafi da iska suna cinye marasa ƙoshi, su ne kuma 'yan kaɗan ɗin da ake nema. Niƙa da rariyar milimita ɗaya.

1 ga Maris

Jiya aka kwashe tumbi, awa biyu kafin abincin safe. Ana fitar da katifar da hannu zuwa ganga mai murfi da aka ɗumama, ruwan da kofi, a auna kowanne, a ɗebi kaso ɗaya cikin goma, a mayar da saura kafin ya huce daga digiri 39 ɗinsa. Katifar sitaci 22 tana fitowa dunƙule-dunƙule, sai an yage ta. Ta sitaci 30 tana zamewa tsakanin yatsu kamar taɓo. Wannan taurin ba ado ba ne. Katifa mai tauri tana riƙe ƙananan ɓarɓashi, su daɗe, ƙosarwa ta kai ƙarshe, tana kuma sosa bango saniya ta yi tuƙa, miyau mai bakabonet ya sauko. Sakwarkwatacciya tana sakin ɓarɓashi da wuri, kitse ya fita a rabin hanya.

Tumbi na fanko, aka jawo bangon ƙasa zuwa bakin kanula aka yanke geza goma sha biyar daga wuri ɗaya, tafi ɗaya ƙasa da gefen kanular, don a riƙa komawa nan. A wanke a ruwan gishiri mai sanyi, a shimfiɗa a ɗauki hoto kusa da ma'auni, a sa wasu a fomalin kaso 10. Lafiyayyar geza kamar ɗan harshe take, a rarrabe, mai laushi. Wadda tsami ya taɓa takan yi duhu, ta yi tauri, ta manne da 'yan uwanta da ɓarɓashi a tsakani. Ana rubuta wannan da ido kafin awo, domin hoto ba ya nuna mannewar.

13 ga Maris

Gwajin farko a na'urar GC, mai raba asid ɗin kitse ɗaya-ɗaya, ya nuna CLA (dangin 18:2 da tumbi ya sauya, irin su rumenik) na trans, trans da yawa fiye da abin da hankali zai ɗauka, cis-9, trans-11 kuma ya ragu. Laifin hanyar shiri ne. Dafa samfur awa biyu cikin metanol mai asid yana da kyau ga jimlar kitse, amma yana juya ɗaurin CLA. Sodiyam metoksaid ba ya juya su, sai dai ba ya taɓa sakakken asid, wanda shi ne mafi yawa a samfurin hanji, kuma ba ya kwance sabulun kalsiyam da ke cikin kashi. An koma mataki biyu: metoksaid minti 10 a digiri 50, sannan metanol mai asid minti 10 a digiri 80. Samfurin kashi da na gishirin kalsiyam za a yi musu doguwar hanyar asid daban don jimla, kada sabulu ya ɓoye wani kaso a ce an tsotse shi.

An cire 17:0 daga matsayin ma'aunin ciki, wato asid ɗin da ake zuba sanannen adadinsa a samfur don a auna saura da shi. Bakteriyar tumbi suna ƙera 15:0 da 17:0 da masu reshe da kansu, suna cikin kowane samfur. An koma 13:0 da 19:0. Bututun raba sinadarai mai tsawon mita 100 ne, gajere ba ya raba trans-10 da trans-11, su kuwa biyun nan su ne labarin.

22 ga Maris

Yayin da ake jiran sake gwajin, an rubuta tsarin lissafin hanji, kuma a nan ne ake zaton asarar ta fi yawa.

Dabbar da ba ta tuƙa tana karɓar tiraigilisaraid a hanji, enzayim ɗin fankiriyas ya mai da shi monogilisaraid, wannan kuma ya taimaka wa ruwan matsarmama ya ɗauke kitse cikin 'yan ƙananan ƙwallaye da ake kira maisel. Saniya ba ta da monogilisaraid, tumbi ya riga ya kwance komai. Abin da ke iso mata sakakken asid ne, yawancinsa ƙosasshe, wajen kashi biyu cikin uku 18:0, ɗaya 16:0, manne a jikin ɓarɓashi, cikin tsami. Sitiyarik sai a digiri 69 yake narkewa, falmitik a 63, jikin saniya kuwa 39 ne. Oleyik tun a digiri 13 ruwa ne.

Dabarar saniya biyu ce. Gishirin matsarmamarta yawanci haɗe yake da torin, wanda ke aiki ko a tsami, abin buƙata ne domin ruwan fankiriyas ɗinta ba shi da bakabonet sosai, farkon hanjin ya daɗe da tsami. Sannan lesitin da ke cikin ruwan matsarmama, enzayim ɗin fosfolaifes na fankiriyas yana mai da shi laisolesitin, wanda ya ƙware wajen ɓamɓare 18:0 daga ɓarɓashi ya sa shi cikin maisel. Tsotsar tana faruwa a tsakiyar ƙaramin hanji. A cikin ƙwayoyin bango ana sake ɗaura asid a gilisarol, a naɗe shi da furotin, ya bi jijiyar limfi zuwa jini ba tare da ya fara bi ta hanta ba.

Matsakaicin abin da aka sani na tsotsa a hanji yana tsakanin kaso 70 da 80: 16:0 wajen 75, 18:0 wajen 72, 18:1 wajen 80. Tazarar ba ta da yawa a kan takarda, amma abin lura shi ne yadda tsotsar jimla ke sauka idan 18:0 da ke isowa ya ƙaru. Laisolesitin da gishirin matsarmama suna da iyaka, abin da bai samu wuri a maisel ba sai ya wuce. Oleyik kuwa da kansa yana taimakawa wajen narka sauran, an ga tsotsa ta ƙaru a shanun da aka ɗura wa shi a abomasam. Shi ya sa ake zaton gishirin kwakwar manja zai fi man waken suya shiga jiki, ko da yake shi ne ya fi ƙoshi a buhu: wani kaso na oleyik ɗinsa zai tsallake tumbi, man waken suya kuwa zai iso a matsayin tulin sitiyarik.

Misali da lamba. A ce 18:2 da aka ci giram 510 ne, 233 daga mai, saura daga masara da sailej. Idan aka ƙosar da kaso 85, giram 77 ne kawai zai isa hanji da kamarsa. A kan giram 1,000 da ya iso hanji kuma, saukar tsotsa daga kaso 75 zuwa 68 asarar giram 70 ce kowace rana, kitsen da aka saya aka zuba a kwata.

Doka ɗaya ga lissafin: tun da babu kanula a ƙarshen ƙaramin hanji, ba za a ba da tsotsar asid ɗaya-ɗaya daga kashi ba. Bakteriyar babban hanji suna ci gaba da ƙosarwa. Giram 15 na 18:2 da ya kuɓuce zai fito a matsayin 18:0, sai a ga kamar an tsotse 18:2 kakaf, 18:0 kuma ya ƙara muni. Za a haɗa su gida-gida: masu kabon 16, masu kabon 18, da jimla. Haka nan idan abin da ya iso hanji ya fi abin da aka ci a wani zango, ba lallai kuskure ba ne, bakteriya suna ƙera nasu, kimanin giram 15 a kowane kilo na abincin da suka ruɓar.

3 ga Afrilu

Saniyar da ta bar abincin sitaci 30 da man waken suya a ƙarshen zango na ɗaya ta shiga na biyu da madara mai ƙarancin kitse, sai cikin mako na uku ta daidaita. Wannan ya dace da abin da aka sani, faɗuwar tana zuwa cikin kamar kwana goma, farfaɗowa ta kai mako biyu zuwa uku, kuma da an bar zango a kwana 21 da ɗiban samfur ya faɗa cikin wutsiyarta. Za a sa tasirin abincin baya cikin lissafin ƙididdiga duk da haka.

Sanadin sananne ne tun aikin Jami'ar Cornell a shekarar 2000, inda aka nuna trans-10, cis-12 ne ke hana hantsa ƙera kitse, daga nan Bauman da Griinari suka gina bayaninsu. Giram 3.5 a rana da aka ɗura a abomasam ya rage kitsen madara da kashi ɗaya cikin huɗu, giram 14 ya rage shi da rabi. Cikin kilo guda na kitsen da ke wucewa, 'yan giram ne ke wannan ɓarnar.

Don haka an raba kitsen madara gida uku. Masu kabon 4 zuwa 14 hantsa ce ke ƙera su daga asitet da butiret. Masu kabon 18 daga jini suke. 16:0 daga duka biyun. Gidan farko ne ke fara faɗuwa idan trans-10 ya taso. Ba za a ɗauki oleyik ko rumenik na madara a matsayin shaidar abin da aka tsotsa ba, domin hantsa tana da enzayim ɗin da ke mai da 18:0 oleyik, baksenik kuma rumenik, kuma mafi yawan rumenik na madara daga nan yake.

11 ga Afrilu

Zango na uku, rana ta 13. An sake shirya samfuran hanji na zango na ɗaya da hanyar mataki biyu, trans, trans ya koma ɗan kaɗan, trans-10 da trans-11 sun rabu sarai. Na zango na biyu suna na'urar busarwa. Jakunkunan faibar da ba ta narkewa za su cika awa 288 ranar 16 ga wata, sai bayan nan za a iya fitar da kwararar hanji, kafin nan babu lambar tsotsa ko ɗaya da za a rubuta.

Kanular hanji ta saniya ɗaya ta fara yoyo a gefe, tsamin yana cin fata. An aske wurin, an wanke, an shafa man zink, an ƙara zoben roba a waje. Ana duba ta safe da yamma tare da awon abin da ta ci. Idan cinta ya sauka da fiye da kaso 10 kwana biyu a jere, za a ɗage ɗibanta na wannan zangon. Gobe za a fara zuba manuni.